Tayoyin Alhaji Goma Sha Biyu da Makullin Shifu

Saura ƙiris in fasa ba da labarin nan. Nura, ɗalibin nan mai karatun injiniya da ba ya rabo da gardama, shi ya matsa mini in faɗa ya rubuta, wai ɗalibanmu na nan Guangzhou su karanta a waya. Na ce masa to. Da na koma masauki na zauna, sai na ga ai babu yadda za a yi in ba da shi ban tona wa kaina asiri ba, ni da nake cika muku baki duk Juma'a a gidan tuwon nan na unguwar Dengfeng. Har na ɗauki waya zan ce masa a bar maganar. Sai na tuna dariyar da kuka yi mini ranar da ya ce, "Kawu Habu, wai kai ka hau jirgin sama tun daga Kano don ka zo Caina ka yi faci?" Wani har ya ƙware da miyar kuka. Na ajiye wayar. Na ce gara ku ji, in ya so ku yi dariyar da hujja.

Abin da Nura ya ƙara da shi ma ya fi tsaya mini a rai. Ya ce balansin taya ai ba sana'a ba ce: ka ɗora taya a inji, inji ya juya ta, ya rubuta maka lamba, ka buga dalma inda ya nuna, shi ke nan, ko akuya aka koya wa za ta yi. To injiniya, gyara zama.

Tayar da na fara daidaitawa a rayuwata, babu inji ko ɗaya a wurin. A Ƙofar Ruwa ne ta Kano, wajen maigidana Malam Garba mai faci, Allah ya ji ƙansa. Wani direban tasi ya zo yana ƙorafi sitiyari na karkarwa a hannunsa da zarar ya ɗauki hanyar Zariya. Malam Garba ya ɗaga motar da jak, ya juya tayar da hannu, ya koma benci ya zauna. Ta yi ta juyi har ta gaji ta tsaya. Ya ce in ɗauki alli in yi zane a ƙasanta. Ya sake juya ta, ta sake tsayawa, zanen nan yana ƙasa. Sau uku haka. Ya ce, "Habu, me ka gani?" Na ce na ga taya. Ya ce, "Madalla, ido yana aiki, saura kai. Gefen da ya fi nauyi shi yake sauka kullum. Aikinka ka ba ɗaya gefen abin da zai rama." Muka yanki dalmar tsohon batir muna maƙalawa a sama, kaɗan-kaɗan, har ta kai in an juya ta inda ta ga dama take tsayawa. Sana'ar ke nan gaba ɗayanta. Injin nan mai fitilu da kuke gani, allin Malam Garba ne aka jona wa lantarki.

Shekara bakwai na yi a wajensa ya sallame ni, daga nan ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Na yi faci a Agadas, wajen manyan motocin sahara. Na yi a Sabha ta Libiya, inda na fara taɓa injin balansin wajen wani Balarabe da ba ya yarda a kunna shi sai yana tsaye. Na yi Hartum, na yi Riyad. Na ga duniya, ba yabon kai ba. Amma ku duba garuruwan da na lissafa da kyau: duk ta busasshen gefenta na bi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Nan garin ba da niyyar taya na zo ba. Rakiyar alhazai nake yi, kasuwannin Canaan da Shahe, in riƙe jaka, in yi ciniki da kalkuleta, in ji "meyo", wato babu, sau ɗari a wuni. Wata rana wani baƙona ya ce jirgin ruwa yake so, ƙarami mai inji, da tirelar da ake ɗora shi a ja da mota. Aka kwatanta mana wani garejin ƙira can wajen Panyu. Suna ciniki da mai wurin, wani dattijo siriri mai suna Liyang, ni kuwa na gaji da tsayuwa. Ga wata tirela a ɗage kan jak. Hannu ba ya mantuwa, sai kawai na juya tayar. Ta tsaya, na tsinci guntun alli na zana. Na sake juyawa. Ina ɗagowa na ga dattijon ya bar ciniki yana kallona. Ya matso ya kwance tayar, ya ɗora a inji. Inda injin ya nuna nauyi, nan zanena yake. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi wata magana. Na tambayi mai yi mana tafinta, ya ce, "Cewa ya yi ka zo gobe."

A takarduna an rubuta cewa ni mai kula da abokan ciniki na Afirka ne, kuma ina yin hakan. Amma rabin wunina a gindin inji yake. Dattijon nan Shifu nake ce masa, haka suke kiran maigidan sana'a. Shi kuma Habu ya gagare shi, sai ya mai da ni Hapu, na amsa.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya raba tayar tirelar jirgi da ta mota, tunda mutane da yawa cewa suke ai ba a yi mata balansin, wa ke zaune a ciki da zai ji girgiza? Gaskiya ne ba mai zama. Jirgin ne ke ji, shi kuwa ba shi da bakin ƙorafi. Tayar ƙarama ce, saboda haka in tayar motar da ke ja ta juya sau uku, ita ta kusa yin huɗu. Tirelar ba ta da shokazoba, sifirin ne kawai. Duk tsallen da taya ta yi, kai tsaye cikin jirgin yake tafiya, jirgin kuwa na faiba ne, ba ƙarfe ba, in aka yi ta dukansa a wuri ɗaya wuni guda zai tsage daga ciki, ba za ka gani ba sai kana tsakiyar kogi. Ga boris da taya ke juyawa a kansa, wanda dama a wahale yake, don kullum ana tura tirelar cikin ruwa da zafinsa a sauke jirgi. Ka haɗa masa ruwa da girgiza, a daji zai ƙone maka, inda ba ko mai shayi.

Aikin farko da Shifu ya ba ni, tayoyi huɗu ne na wani mai kamun kifi. Na ɗora ta farko yadda na saba a Riyad, na zura ƙarfen nan mai kama da mazurari a ramin tsakiya, na ɗaure, na juya, na buga dalma, inji ya nuna sifili da sifili. Na tsaya ina jiran yabo. Shifu ya zo ya kwance ta, ya ɗan juya ta, ya mayar, ya kunna. Lamba ta fito wata daban. Ya nuna mini ramin tsakiya da yatsa ya girgiza kai. Ashe rim ɗin tirela ba a kan ramin tsakiya yake zama ba, notoci ne ke riƙe shi, ramin nan huda shi kawai aka yi, ba lallai ya zama a tsakiyar gaske ba. Ya ɗauko wani faranti mai yatsu biyar da ke shiga ramukan noti, ya ce da wannan ake ɗora ta. Ya koya mini cewa rim ɗin ana tsoma shi cikin narkakken ƙarfe irin na kwanon rufi don kada ya yi tsatsa, kuma ƙarfen yakan gangaro ya taru gefe ɗaya, sai ka shafa da hannu ka ji. Ya koya mini kada in sa dalmar gam, don ranar da aka fara tsoma tirela a kogi za ta bi ruwa, sai mai maƙalawa da guduma. Ɗigon rawaya da ke jikin sabuwar taya kuma a saita shi da bawul, dalmar da za ka buga ta ragu. A wajensa, yawan dalma a taya abin kunya ne. In ya ga guda uku a gefe ɗaya, sai ya tambaye ka ko awarwaro kake yi wa amarya.

Kuma duk abin da inji ya faɗa, Shifu ba ya sallamar aiki sai an yi gwajin shayi. A mayar da taya jikin tirela, a ɗaga da jak, a kawo wani tsohon inji mai gurza taya ya juya ta da gudun kan kwalta. Sai ya cika ɗan kofinsa da shayi, ya ɗora a kan ƙarfen da ke rufe saman tayar. In fuskar shayin ta kwanta lumui, aiki ya yi, ya ɗauka ya shanye. In ta yi rawa, sai ya zubar ya tafi abinsa. Wallahi gara zagin Malam Garba da zubar da shayin nan.

Abu ɗaya ne bai taɓa sakar mini ba: makulli. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Duk sammakon da na yi daga Dengfeng, in na iso na tarar ya buɗe, ya share, ya dafa shayi. A bayan gareji, gefen kwata inda nake alwala, kullum da safe akwai ɗan kududdufin ruwa ja-ja. Na ɗauka ragowar shayin jiya yake zubarwa a nan. Shekara biyar ina tsallake shi da buta a hannu, ban taɓa tambaya ba.

Shekarar korona ita ce muguwar shekararmu. Ba jirgin sama, ba alhazai, ba mai tambayar tirela. Masu walda biyu da muke da su suka koma ƙauyukansu, ɗaya ne ya dawo. Muka koma facin baburan masu kai abinci gida-gida, ni da na daidaita tayoyin manyan motocin sahara. Injin balansin muka lulluɓe shi da tsohon bargo kamar mara lafiya. Da yawa daga 'yan'uwanmu sun tattara sun tafi gida da hanya ta buɗe. Ni ma na faɗa wa Shifu ko in tafi in rage masa nauyi. Ya nuna injin da ke cikin bargo ya ce, "In ka tafi wa zai tashe shi?" Na zauna.

Aikin kirki na farko da ya shigo mana bayan nan, na Alhaji Mamman Sani ne, ɗan kasuwa daga Nijar, yana zaune a Gaya bakin kogi, amma asalinsa Badamagare ne. Ni kuwa Bakano, kun san abin da ke tsakaninmu, tun gaisuwar farko muka fara tsiya. Jirage uku ya saya na ɗaukar mutane da kaya zuwa ƙauyukan da ruwa ke yanke wa hanya da damina, yana son tirela uku, kowacce ƙafa huɗu. Goma sha biyu ke nan. Za a loda su a kwantena ranar wata Alhamis bayan azahar.

Sai lokacin ya faɗo daidai da bikinsu na sharar kaburbura, wanda kowa ke komawa garinsu ya gyara kabarin iyaye. Shifu bai je ba tun kafin cutar, ga rufin gidan gadonsu yana yoyo. Ya ce zai yi kwana goma, ya dawo safiyar Alhamis ɗin. Ranar da zai tafi ya kira ni, ya zaro makullin daga ƙugunsa, guda uku a jan zare, ya sa mini a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce, "Hapu, tayoyin Alhaji naka ne." Ranar a jirgin ƙasa hannuna na cikin aljihu har Dengfeng.

Ku da kuka yi shekara a garin nan kun san wannan lokacin. Bango na gumi, madubi na gumi, ka shanya riga kwana uku ka ɗauke ta ta fi yadda ka shanya jiƙewa. A cikin wannan yanayi na yi mako guda ina buɗewa ina rufewa, mai walda na ta aiki, injin iska na ta ruri tun safe har yamma. Litinin tayoyi suka iso. Na haɗa su duka da rim, na lafta musu ruwan sabulu a baki yadda muke yi a Ƙofar Ruwa, ba rowa, na ba su iska, na jera.

Na ɗora ta farko. Inji ya ce giram talatin a nan. Na buga. Na juya, ya ce saura goma sha biyar a can. Na buga. Na juya, ya ce goma a wani wurin. Raina ya ɗan sosu, amma na ci gaba da binsa har ya nuna sifili. Ta biyu haka, ta uku haka. Kafin la'asar na gama takwas, kowacce ta sha dalma kamar an yi mata kwalliyar salla. Wani abu a zuciyata yana ce mini, Habu, wannan ba daidai ba ne. Na ce masa rim ɗin ne ba su da kyau. Mutum in yana da makulli a aljihu, ba ya son jin irin wannan muryar.

Talata da safe, don in kwantar da hankalina, na mayar da ta farko kan inji. Giram ashirin da biyar. Ban taɓa komai ba na sake juyawa: arba'in, kuma a wani gefen. Na sake: goma. Na duba farantin, lafiya lau. Na goge, na ɗaure, na kashe injin na kunna. Na ɗauko ta biyu, ita ma kowane juyi da labarinta. Na sauke ta na koma hanyar Malam Garba, jak da alli. Zane ya tsaya ƙasa, na sake, ya tsaya gefe. Abin da ban taɓa gani ba tun ina yaro.

Ana haka Alhaji ya shigo yana fifita da hularsa.

"Bakano, an gama ko ana nan ana kallon talabijin?" Injin yake nufi.

Na ce, "Alhaji, akwai 'yar matsala."

"Bon. Wace iri?"

Na nuna masa. Ya kalli lambobin suna sauyawa, ya yi dariya. "Malam Habu, mu can wa ya taɓa auna tayar tirela? In tana da iska tana juyawa, ai taya ce. Ɗaura mini kayana. Kamyon, babbar motar lodi, na zuwa jibi, in kwantenar nan ta wuce ni sai wani jirgin, damina kuma ba ta jiran Bakano."

Mai walda ma ya leƙo ya ce "cabudo", kalmarsu ta "ya yi kusa, a bar shi haka".

Na ce, "Alhaji, daga tashar ruwa zuwa Gaya kwana nawa za a ja su?"

"Biyu, in hanya ta yi kyau."

"Hanyar tana yin kyau?"

Ya ce, "Ba ta taɓa yi ba."

"To ka ba ni zuwa jibi da safe. In ban gano ba, in gaya maka gaskiya ka yanke abin da ka ga dama."

"Dakor, na yarda. Amma in ka sa na rasa jirgi, har Kano zan je in ba da labarinka a kasuwar Kwari."

Ya tafi. Ni kuwa na tsaya a gaban tayoyi goma sha biyu, ban san abin da ke damunsu ba. Kiran Shifu a waya yana gaban kabarin mahaifinsa in ce masa aikin farko da ya bar mini ya gagare ni, wannan ban iya ba.

Azahar ta yi, na ɗauki buta na zagaya baya. Na tsuguna gefen kwata, na ɗaga ƙafa zan tsallake kududdufin nan kamar kullum, sai na ga babu abin tsallakewa. Tabon ja ne kawai a siminti. Na ce to ai mai zubar da shayin ba ya nan. Ina wanke hannu idona ya bi tabon. Ba daga ƙofa ya taho ba, inda mutum zai tsaya ya watsa shayi. Daga jikin bango ya fito, ta bakin wani siririn tiyo. Na idar da salla, na shiga ɗan ɗakin da injin iska yake, na bi tiyon nan da hannu. A ƙarƙashin tankin iska ya ƙare, jikin wani ɗan famfo.

Na murɗa. Jama'a, ruwa! Ja kamar shayi, tsatsa ce, ya yi ta feshi da ƙara har na ɗauka ba zai tsaya ba. Ashe abin da dattijon nan ke fara yi ke nan kowace safiya kafin in iso. Iskar garin nan ruwa ce rabinta, inji na zuƙarta yana matsewa, ruwan na kwanciya a tanki. A Kano mukan buɗe ƙasan tanki sau ɗaya da damina in mun tuna. A Agadas da Sabha ko ka buɗe ƙura za ta fito. Kwana bakwai ban zubar ba, tankin ya cika har ruwa na bin tiyo, na ɗura shi cikin tayoyin Alhaji da hannuna, na ƙara da ruwan sabuluna na Ƙofar Ruwa. Na koma da gudu na ɗaga taya ɗaya, na kara kunne, na jijjiga. Can ciki na ji cakal, cakal.

Injiniya, ga inda injinka ya tsaya. Shi bai yi ƙarya ba, duk juyi gaskiya ya faɗa, nauyin ne ke yawo. Kuma ruwan kansa ba shi ne babbar ɓarna ba. Dalmar da na buga ina bin ruwa, ita ce za ta yi ta dukan jirgin Alhaji kwana biyu a kan hanya. Da ban taɓa tayoyin ba sam, da sun fi lafiya.

Na cire dalma duka, na zuba a gwangwani. Na sace iskar goma sha biyun, na ɓalle su daga rim ɗaya bayan ɗaya. Kowacce da ruwan da bai fi rabin kofin shayi ba, abin da ya hana ni sukuni ke nan. Na goge da tsumma, amma a wannan yanayi tsumma ma jiƙaƙƙe ne, ka goge ka juya ka ga ta sake yin gumi. Sai na tuna matar da ke da shagon gyaran gashi a jikin garejinmu. Na je na ce, "Anti, aron abin busar da gashi nake so." Ta kalli kaina, wanda kun san ba abin da ya rage a kai, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta zo ta kalla. Suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ba ni babba. Yammacin Talata da wunin Laraba, ina zaune a kan bokiti ina yi wa taya gyaran gashi. Masu wucewa na tsayawa suna ɗauka a waya. In kun taɓa cin karo da hoton wani baƙin mutum mai sanƙo yana busar da taya, to kun ga kawunku.

Na mayar da su, sabulu ɗan kaɗan a bakin burushi, ɗigon rawaya a kan bawul, iska busasshiya, ina zubar da tanki duk bayan taya biyu. Na ɗora ta farko. Giram goma sha biyar. Na sake juyawa ban taɓa ba: goma sha biyar, wuri ɗaya. Na buga guda ɗaya tak. Sifili. Kafin magaribar Laraba goma sha biyun na jikin tirelolinsu, babu wadda ta ci fiye da dalma biyu.

Alhamis da safe na buɗe, na zubar da tanki, na share. Sai ga Shifu da jakarsa, ga Alhaji a bayansa ya zo jiran kamyonsa. Ina iya yin shiru, aiki ya yi kyau, ba wanda zai sani. To amma Anti mai gyaran gashi tana nan, kuma ko ba ta nan, gwangwanin lanƙwasasshiyar dalma na kan tebur, ban ɓoye shi ba. Na gaya wa Shifu komai da guntun Sinancina, inda ya ƙare na ƙarasa da hannu. Na zaro makullin na ajiye a gefen gwangwanin. Na ce, "Shifu, ga amanarka. Shekara biyar ina ganin ruwan nan ban tambaya ba."

Bai kalli makullin ba. Ya ɗaga gwangwanin ya auna nauyinsa a hannu, ya ajiye. Ya dafa shayi, ya ce in ɗaga tirela ta farko. Na kawo injin gurzawa, taya ta ɗauki gudu har tana kuka. Ya cika kofi ya ɗora. Mu uku muka sunkuya muna kallon kofin shayi kamar masu duba. Fuskar shayin ko motsi, har fitilar rufi ina gani a ciki. Ya ɗauka ya shanye. Ta biyu, ya shanye. Alhaji ya ce, "Wai tsohon nan duk sai ya sha goma sha biyu? Ku ba ni in taya shi, kamyon na hanya." Daga ta biyar Alhaji ke sha. Ko ɗigo ba a zubar ba. Da aka sauke jak na ƙarshe ya dafa kafaɗata ya ce, "Bakano, na fasa zuwa Kwari." Daga baya ya aiko mini da hoton jiragen a kan ruwa, mata da buhuna da awaki a ciki, ya ce har Gaya direba na tsayawa yana taɓa boris, sanyi ƙalau.

Aka loda, aka rufe kwantena, kamyon ya tafi. Na wanke hannu, na mayar wa Anti kayanta, na ɗauki jakata. Makullin na nan kan tebur inda na ajiye shi tun safe. Na yi wa Shifu sallama, na kai bakin ƙofa, sai na ji ya kira ni. Ina juyowa ya jefo mini abu, na cafe, jan zaren nan ne. Yana ɗauraye kofinsa, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce:

"Hapu, gobe in ka buɗe, tanki za ka fara zubarwa ko shayi za ka fara dafawa?"